Bashi, rashin barci da rufe iyaka: nazari kan wani gida a Maradi

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓe mulki a Yamai. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, sannan a farkon Agusta Najeriya ta datse wutar lantarkin da take turowa. Maradi ta ji abin a jikinta nan take. Daga nan zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, wutar garin ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma kaya da yawa da ke kan teburan babbar kasuwa ta iyakar Dan Isa suke ƙetarowa. An taɓa ganin rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, lokacin da Najeriya ta kulle nata ɓangaren, amma wancan karon akwai wuta, kuma ba a kwana ana jin cewa za a kawo yaƙi.

Wannan rubutu kan gida ɗaya ne, da yadda mutanensa suka ƙetare waɗannan watanni. Maigidan abokin zamana ne a fada, inda muke taruwa hira da shan shayi, ba zan ambaci sunansa ba. Ya haura shekara 40, matarsa ɗaya, ƴaƴa shida, ga mahaifiyarsa a ɗakin da ke kusa da zaure. Ɗan tireda ne, ba ya cikin manyan alhazan da ake jin sunansu. Shago ɗaya gare shi: bokitai, robobi, takalman roba, kwanuka, sabulu. Wasu kayan yakan je Kano ya saro da kansa, wasu kuma ya karɓa bashi a mangazar wani Alhaji, ya riƙa biya duk mako. Matarsa tana da firiji, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo.

Lokacin da aka rufe iyaka, mafi yawan jarinsa na can ƙetare. Ya riga ya biya kuɗin kaya a Kano, kayan sun iso Jibiya sun tsaya. Daga baya wasu sun shigo ta hanyoyin daji a bayan babura, kuɗin dako ya cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi, wasu kuma har yau ba a san inda suka maƙale ba. Alhaji na bin sa kusan jika 400 na sefa, ga ƙananan basussuka nan da can. Firijin uwargida kuwa ya koma akwatin ajiye kwanuka, don wutar da ke zuwa ba ta daɗewar da za ta daskarar da ruwa. Duk wannan a watan Agusta, lokacin da hatsi ke tsada, zazzaɓin cizon sauro kuma ke bin yara gida-gida.

Abin da ya fara barinsa

Barci ne ya fara tafiya. Yakan kwanta, wajen ƙarfe biyu ido ya buɗe, sai lissafi. Idan lissafin ya ishe shi ya ɗauko waya. A lokacin saƙonnin murya na WhatsApp sun cika ko'ina: wannan ya ce an ga motocin soja a Jibiya, wancan ya ce kafin Juma'a za a shigo. Ba duka ba ne ƙarya tsagwaronta, domin ranar 10 ga Agusta shugabannin CEDEAO sun ba da umarni a Abuja a shirya rundunar ko-ta-kwana. Sai dai kowace gaskiya ɗaya takan zo da ƙarin gishiri iri-iri, shi kuwa yana sauraren kowanne har ƙarshe, wani ma ya maimaita.

A fada yakan kai tsakar dare, yana shan shayi na farko mai ɗaci, yana haɗawa da goro. Sinadarin da ke cikin shayi da goro mai wartsake mutum yakan yi sa'o'i a jini kafin ya ragu, don haka kofin da aka sha ƙarfe goma yana nan yana aiki ƙarfe biyu. Da safe ya tashi a gajiye, kansa na sarawa ta ƙeya. Wani yaro ɗan kabu-kabu ya ba shi tramol, wai yana kashe gajiya. Ya sha na ƴan kwanaki, jiri da tashin zuciya suka sa ya bari, kuma ya yi sa'a. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin masu sa maye, wanda ake sayarwa a bakin hanya kuma sau da yawa ya fi na asibiti ƙarfi. Yana kama mutum, yana kuma iya jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya.

Sai gudun mutane. Ya sauya hanyar da yake bi zuwa kasuwa don kada ya gifta ta gaban mangazar Alhaji. Ya sauya masallacin da yake sallar Juma'a. Idan waya ta yi ƙara ya ga lambar, sai ya kifa ta a kan tabarma ya ci gaba da kallon titi har ta tsinke. Wasu ranakun ba ya buɗe shago sam. A gida, ranar da ɗiyarsa ta tambayi kuɗin littattafai da aka koma makaranta a Oktoba, ya daka mata tsawar da har maƙwabta suka ji, mutumin da ba a san shi da ɗaga murya ba. Mu kuwa a fada idan muka ce "ya kasuwa?" sai ya ce "sai godiya". Amsar daidai ce, haka aka koya mana. Matsalar ita ce daga nan ba ya ƙara komai, ko ga matarsa.

Mahaifiyarsa ta ce jifa ne, ta sa aka yi rubutu, aka yi turare. Bai ƙi ba. Matarsa ce ta nace sai an je likita. Majo, wato ma'aikacin jinya, ya ɗaura masa abin awo a dantse, jini ya haura 14 da 9, iyakar da ake ƙirga hawan jini daga gare ta. Aka ce ya dawo, aka sake aunawa a wasu ranaku, bai sauka ba. Aka rubuta masa magani, aka ce a rage gishiri da magi a miya. Yana shirin tashi majo ya tambaye shi: "Malam, kana barci kuwa?" Ya faɗa mini tun da abin ya fara ba wanda ya yi masa wannan tambaya, kowa kasuwa yake tambaya.

Abin da ke faruwa a jiki ba ɓoyayye ba ne. Idan mutum ya tsorata, jiki yakan saki sinadaran da ke sa zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru a jini, don a samu ƙarfin gudu ko kare kai. Wannan na da amfani idan hatsarin na minti biyar ne. Bashi kuwa ba ya wucewa cikin minti biyar, sai jiki ya zauna cikin shirin gudu dare da rana. Rashin barci ya ƙara tsoron, tsoron ya ƙara rashin barci.

Daren lissafi

A daren da suka dawo daga likita matarsa ta same shi a tsakar gida. Abin da ta ce, kamar yadda ya ba ni labari: "Malam, bashin nan ba kai kaɗai ke ɗauke da shi ba. Mu ma muna ɗauke da shi, sai dai mu ba mu san nawa ne ba."

Ta ɗauko tsohon littafin rubutun ɗiyarsu, suka juya shi ta baya inda akwai sauran fararen shafuka, ta riƙe fitilar waya yana rubutawa. Sunan kowa da abin da yake bi. Da aka tara, jimillar ba ta kai wadda yake ƙirgawa da dare ba, don cikin duhu yakan lissafa wani bashin sau biyu, ya kuma haɗa da kuɗin da ba a ma fara binsa ba, kamar na layyar baɗi. Daga nan suka ware: abin da dole a biya cikin makon nan, abin da zai iya jira idan an je an yi magana, da abin da ba ya hannunsu, wato iyaka da wuta da farashin naira. Na ukun suka rubuta shi a shafi daban suka bar shi. Ko dala bashin bai ragu ba a daren, amma ya samu iyaka, kuma mutum biyu suka san shi.

Abu mafi wuya shi ne zuwa wajen Alhaji. Bai iya zuwa shi kaɗai ba, ya roƙi yayansa ya raka shi, bayan la'asar. Suka cire takalma, suka gaisa, yayan ne ya buɗe magana. Shi kuwa kansa na ƙasa ya ce: "Alhaji, Allah shi ƙara girma, kunya ce ta hana ni zuwa." Alhaji ya ce ya san bai ci kuɗin ba, shi ma nasa kayan na can a tsare, abin da ya ɓata masa rai shi ne gudun. Aka tsaya kan jika 5 duk mako, makon da babu kuma ya zo da ƙafarsa ya faɗa. Alƙur'ani ya yi umarni a Suratul Baƙara, aya ta 280, cewa a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma ƴan kasuwar Maradi sun san ayar. Ba kowa ke aiki da ita ba. Wani da ke binsa kuɗin da bai kai kashi goma na na Alhaji ba, har ƙofar shago ya zo ya yi masa tijara a gaban mutane. Duk da haka, a ganina wannan zama na bayan la'asar ya sauke masa nauyin da babu wani abu cikin abubuwan da suka biyo baya da ya sauke kamarsa, domin daga ranar ya daina tsoron ƙarar wayarsa.

Sauran ƙanana ne, kuma ba wanda ya zauna ya tsara su. Waya ta koma kwana a ɗakin Inna. Bayan isha'i ƙaramin yaro ya kai ta can, ba a karɓo ta sai an yi asuba, kuma ba ya iya buga wa tsohuwa ƙofa tsakar dare don ya ji saƙon murya. Labarai sau ɗaya a rediyo da yamma. Ya gano cewa duk abin da ya faru da gaske, kafin azahar zai same shi a kasuwa ko bai nema ba.

Kabu-kabu ya bari don tattalin kuɗi, ba don lafiya ba, tunda man bakin hanya ya yi tsada tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a Mayun 2023. Sai ya zama yana taka ƙafa kusan rabin awa zuwa kasuwa, rabin awa dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya na shawartar babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, shi ya ninka haka bai sani ba. Da dare jikin ya gaji gajiya ta gaske, irin mai kawo barci.

Shago kuma ya koma buɗewa kullum, da ciniki ko babu. Ya share, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya jera bokitan da suka rage yadda ba za a ga giɓi ba. Na taɓa yi masa tsiya cewa yana wa ƙura kwalliya. Amma masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa wanda damuwa ta danne, idan ya ce sai ya ji daɗi zai tashi, ba zai tashi ba. Tashin ake fara yi, jin daɗin ya biyo baya a hankali. Kuma mai shago a buɗe ana gaishe shi, ana aiken sa, wani ya bar masa ajiya, wani ya ce akwai dillancin buhun wake ko zai shiga. Ta haka ya fara samun ɗan abin cefane.

Bayan asuba yakan zauna a masallaci har gari ya waye. Akwai addu'ar da aka ruwaito daga Manzon Allah (SAW) ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da rowa da tsoro, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Ya ce ya daɗe da haddace ta, amma bai taɓa lura an ambaci bashi a cikinta ba sai a lokacin. Majo ya koya masa jan numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, abin da ke rage gudun zuciya. Kunya ta hana shi yi a gaban mutane, sai ya haɗa shi da jan carbi, ba mai ganewa.

A fada ya bar shayi na farko, yana jiran na uku mai sanyin ganye, kuma yana tashi da wuri. Mun yi dokar cewa bayan shayi na biyu an rufe maganar takunkumi. Dokar ba ta cika kwana uku a jere ba tare da an karya ta ba, ni ma ina cikin masu karyawa, amma ta sa an dawo da hirar kokawa da ta noma da tsokanar juna.

Ɓangaren uwargida

Idan aka tsaya nan za a ɗauka maigida ne ya ceci kansa. Tukunyar gidan a waɗannan watanni matarsa ce ta riƙe ta. Tana cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara ta unguwarsu, tsarin asusun mata da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Ana haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a ba mai bukata rance daga cikin akwatin, a ware wani abu don rashin lafiya ko rasuwa, ƙarshen zagaye a raba. Da ƙanƙara ta mutu, ta karɓi rance ta sayi gyaɗa, ta koma matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli, sana'ar da ta gada wajen uwarta, wadda ba ta bukatar wuta sai ta murhu. Da yamma ta yi dambun zogale yara su kai bakin titi.

Taron makon ya fi akwatin amfani a wajenta. Can ne take faɗin abin da ba ta faɗa a gida, can ta yi kukanta, ta kuma ji cewa gidan da take ganin sun fi su ma hatsi tiya ɗaya suke aunowa kullum. Maza na da fada kowane dare, mata da yawa wannan sa'a ɗaya ce tasu a mako. Sai dai a lura: ita ke tashi kafin kowa, ita ke kwanciya bayan kowa, ita ke tare fushin miji kada ya sauka kan yara, ita ke lallashin suruka. Shi aka kai likita. Ita kuwa aka ce Allah ya yi mata albarka, mace ce mai haƙuri, aka wuce. Ban ga adalci a nan ba, kuma ba gidansu kaɗai ba ne.

CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, cikin azumi. Jarinsa bai dawo da buɗewar ba. Gwaji na gaske ya zo da babbar salla a watan Yuni. A Maradi layya ba a ɓoye take ba, raguna ake bajewa a kan itace a ƙofar gida kewaye da wuta, duk mai wucewa ya ƙirga. An yi masa tayin rago bashi. Suka buɗe littafin nan shi da matarsa, suka duba, ya ce a'a. Ya tara yaran tun kafin ranar ya faɗa musu da bakinsa cewa bana ba za su yanka ba, kuma layya ba ta hau kan wanda ba shi da hali ba. Ranar salla ya je ya taya yayansa fiɗa, nama ya shigo gidan daga wurare da yawa. Ya ce ya ji zafin abin, musamman da ya ga ƙaramin ɗansa tsaye yana kallon wutar maƙwabta, amma ya yi barci a daren.

Ƙarshen Agustan 2024 aka yi ruwan da ya kashe aƙalla mutum 15 a birnin Maradi, ya rusa gidaje masu yawa, ambaliyar shekarar kuma ta sa aka ɗage komawa makaranta a ƙasar zuwa ƙarshen Oktoba. Katangarsu ta baya ta faɗi tare da madafa. Rashin barcin ya dawo, wayar ma ta dawo ƙarƙashin matashi. Bambancin shi ne wannan karon cikin mako guda ya je ya faɗa wa Alhaji cewa biya zai tsaya na ɗan lokaci, ƴan fada suka zo aka kwaɓa ƙasa, matarsa ta samu taimako daga asusun ƙungiya, shi kuma ya koma likita da kansa aka auna shi.

Kada a ɗauki wannan gida a matsayin ma'aunin kowa. Shi yana da ɗan'uwan da zai raka shi, da mai bin bashi mai sauƙin kai, da matar da ta iya sana'a. Waɗanda suka baro ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji saboda ƴan bindiga, ko suka ƙetaro daga Zamfara da Sakkwato, nasu nauyin daban ne. Kuma akwai matakin da tafiya a ƙafa da ajiye waya ba su isa ba: wanda ya kai mako biyu ba ya jin daɗin komai, ba ya cin abinci, ba ya iya tashi, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan likita za a kai shi, a ci gaba da addu'a a kan hanya.

Yanzu bashin Alhaji ya ragu ƙwarai amma bai ƙare ba. Alhaji ya koma ba shi kaya, rabin abin da yake ba shi a da. Shagon ya ƙanƙance, an ƙara man gyaɗar uwargida da ƙuli-ƙuli a gaban tebur, kuma wasu ranakun su ne ke fara ƙarewa. Yana shan maganin hawan jininsa, yana zuwa awo. Wayar wani lokaci tana kwana ɗakin Inna, wani lokaci ba ta kwana. Matarsa kuwa, ranar da ta kai autansu likita saboda zazzaɓi, majo ya ce ta miƙo hannu ita ma a auna. Nata ya hau. An rubuta mata magani, tana saye idan ƙuli-ƙuli ya yi ciniki.